Kilo Bakwai na Uwar Awo

Babban yatsan ƙafata na dama ba shi da farce. Duk wanda ya tambaya nakan ce masa a bakin aiki na rasa shi, da irin muryar da tsofaffin sojoji ke magana. Gaskiyar lamarin kuwa, ni na jefa wa kaina dutsen kilo biyar a gaban jama'a, saboda wata mata ta ba ni kunya.

Sana'ata gyaran sikeli. Tun daga ɗan ƙaramin da ake auna zobe har babban da ake jibga wa buhuna, in ya fara ƙarya ni ake kira in ja masa kunne. Ina yawo da akwatin ƙarafan gwaji, waɗanda mu a sana'a muke ce wa duwatsu, kowanne da nauyinsa rubuce a goshi. Shekara tara ke nan aka kira ni wani ofishin aika kaya in duba sikelin kantarsu. Na ɗora dutsen kilo ɗaya, na sunkuya in karanta, sai na ga kilo ɗaya da rabi. Na kwance shi, na goge, na ɗaure, na sake sunkuyawa, ya nuna kusan biyu. Awa guda ina zufa, ina yi wa mutanen da ke kan layi lacca a kan yadda kayan zamani suka lalace.

Matar da ke bayan kanta ta gaji da jira. Ta ce, "Kawu mai sikeli, sikelin nan lafiyarsa ƙalau. Duk sanda ka sunkuya, tumbinka ne ke hawa faranti."

Na yi baya da sauri don in nuna wa duniya sharri take min, gwiwar hannuna ta ture dutsen kilo biyar daga kan kanta, shi kuma bai zame ko'ina ba sai kan yatsana. Ina zaune a ƙasa riƙe da ƙafa na ɗaga kai na dube ta da kyau, na ga ta cika bayan kantar nan dam, ba masaka tsinke. Na ce, "Yau na ga ikon Allah, kura ce ke ce wa kare maye."

Ta yi dariya har da hawaye, ta zagayo ta ɗaure min yatsan da salatif ɗin naɗe kwali. Daga ranar muka saba. Abin da zan faɗa nan gaba, wani daga bakinta na tsinta, guntu-guntu cikin shekaru, wani kuma daga bakin mijinta.

A ofishin ba wanda ke kiran ta da sunanta, Uwar Awo ake ce mata. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ita nata a hannu yake. Mutum zai turo kwali, ta ɗaga shi kaɗan daga kan kanta, ta ce kilo uku da giram ɗari biyu, sannan ta ɗora a sikeli don kawai doka ta ce a ɗora. Ba ta kuskure. Sabbin ma'aikata kan gwada ta, su ɓoye kwaɗo a cikin kwalin takardu, ta ɗaga ta ce, "Wa ya sa wa takardun nan ƙarfe?" Wata rana wani ya kawo akwati ya rantse tufafi ne zalla, ta jinjina shi sau ɗaya ta ce tufafi ba sa gangarowa gefe guda, ya buɗe a gani. Kwalaben man gashi ne guda shida a naɗe cikin zani.

Ƙiba gadon gidansu ce. Mahaifiyarta takan ce su ko ruwa suka sha nama yake zama. Tun tana 'yar makaranta ta gane cewa dariya dai sai an yi mata, don haka ta koyi riga kowa. Kafin ka buɗe baki ta riga ta zolayi kanta, kuma tata ta fi taka daɗi, sai ka rasa ta cewa. Da ta tashi aure sai ta auri mai gyaran wuta, siriri kamar wayar da yake ja. Ita ce ta fara cewa idan suna tafiya tare lamba goma ce ta fito shan iska, shi ɗaya, ita sifili. Mutum ne marar magana, irin wanda zai yini a kan tsani bai ce uffan ba, amma in ta yi irin wannan zancen sai ka ga kafaɗunsa suna rawa.

Shekara huɗu suka yi ba ko ɓatan wata. Ashe ranar da ta ɗaure min yatsa tana da ƙaramin ciki, ita ma ba ta sani ba tukuna. Da labari ya fito, dangi suka yi mata caa da kwanuka. Wadda ta fi kowa himma ita ce yayar mijin, mace mai kirki a hannu da kaifi a baki, wadda duk yaran dangi ke ce wa Gwaggo. Kullum da rana sai ta aiko ko ta kawo da kanta, ta zauna ta tsare ta. "Ki cinye, ba ke kaɗai ba ce yanzu. Kada ki haifo mana tsinke irin ubansa." Uwar Awo takan ce, "Yaya, ai ko na haifi tsinke, a jikina zai samu inuwa." Ta kuwa cinye.

Awon ciki a wani ƙaramin asibiti take zuwa, bayan tashar mota. Doguwar baranda ce da bencuna biyu, a ƙarshenta tsohon sikelin ƙarfe mai allura, a gefensa tebur da wata nas mai muryar da ba ta bukatar lasifika. Mace za ta cire takalmi ta hau, nas ta leƙa ta faɗi lambar kowa na ji, ta rubuta a kati. Ranar farko Uwar Awo ta hau, allura ta zabura kamar an tsikare ta.

"Ɗari da goma sha biyu," in ji nas. Ta ajiye shuɗin biro ta ɗauki ja, ta rubuta, ta zagaye lambar.

Wata daga kan benci ta ce, "Baiwar Allah, a sauko haka nan, mu ma muna son mu same shi da rai."

Uwar Awo ta dubi allurar nan, ta ɗan jima tana dubanta. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai dariyar bencuna ta rufe baranda. Ta haɗiye abin da ke bakinta, ta ce, "Malama nas, ki raba biyu mana, ai mu biyu ne a kai." Aka sake fashewa. Haka aka yi ta yi duk wata, lamba na hawa, jan biro na zagaye ta, har katin ya koma kamar takardar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa.

Aiki aka yi mata aka ciro yarinya. Da aka sa mata ita a hannu, magani bai gama sakin ta ba ta jinjina ta ta ce, "Uku da ɗari huɗu." Ungozoma ta duba takarda ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Yarinya kyakkyawa, mai manyan idanu, ba ta da rigima. Kowa ya zo sai ya ce an yi dace da 'ya mai haƙuri. Ta shekara ba ta miƙa hannu a ɗauke ta. Ta shekara biyu ba Mama ba Baba. A kira ta daga bayanta, ko gezau, har aka fara cewa ko kurma ce. Amma uwar ta san ba kurma ba ce, don in aka ja salatif a ɗaki na uku, ƙiiit ɗin nan, yarinyar za ta baro duk abin da take yi ta zo ta tsaya tana karkaɗa hannuwa kamar za ta tashi sama. Saboda wannan karkaɗawar uban ya sa mata Tsuntsuwa, sunan kuma ya bi ta.

Abin da Tsuntsuwa ba ta iya ɗauka shi ne hayaniya. Maƙwabciya ta kunna injin markaɗe, ko babbar mota ta danna oda a bakin titi, sai ta toshe kunnuwa ta ƙwalla ƙara, ta shiga buga goshi da bango. An gwada lallashi, an gwada alewa, Gwaggo ta gwada tsawa. Magani ɗaya aka samu, kuma uwar ce ta gano shi. Za ta zauna a ƙasa daɓas, ta jawo yarinyar tsakanin cinyoyinta, ta kifu a kanta gaba ɗaya, ƙirji da damatsa da komai, ta rufe ta ruf yadda kaza ke rufe ɗan tsako. Wanda bai sani ba zai ce za ta kashe ta. Tsuntsuwa kuwa sai ta cusa fuska cikin naman damtsen uwar, ta kama shi da 'yan yatsu tana murzawa, kukan ya yi ta raguwa har ya koma ajiyar zuciya. Mai gyaran wuta ya ce ya taɓa gwadawa, yarinyar ta ture shi kamar an miƙa mata itace. Uwar Awo takan ce, "Ka gani ko? Allah bai yi ni haka a banza ba."

Tana da shekara huɗu aka tura su wurin likitan yara a babban asibiti. Ranar uban yana da aiki a wani gini, sai Gwaggo ta raka su. Likitan matashi ne, mai natsuwa, ya ɗauki lokaci. Ya ba yarinyar 'yar tsana ta ƙi kallo, ya kira ta ta ƙi juyowa, ya yi tambayoyi sun fi hamsin. Sannan ya ce ko an zo da katin awon ciki. Uwar Awo mai adana takardu ce, ta ciro shi daga jaka a cikin leda.

Ya bi jajayen lambobin nan da ido. Ya faɗi sunan larurar, suna mai tsawo, ya ce ƙwaƙwalwar yarinyar tana girma ne ta wata hanya daban, akwai abin da za ta koya in an dage, akwai wanda sai dai a jira a gani.

Gwaggo ta ce, "Likita, me ke kawo shi? Mu dai a danginmu ba a taɓa yi ba."

Ya ce, "Ba abu ɗaya ba ne, Hajiya. Akwai gado, akwai abubuwan da ke faruwa lokacin goyon ciki, akwai da yawa da mu kanmu ba mu sani ba. Masu bincike sun lura ana ɗan fi samun irin wannan a 'ya'yan matan da nauyinsu ya yi yawa lokacin ciki. Amma wannan lissafin dubban mata ne. Ba wanda zai nuna yarinya ɗaya ya ce ga sanadinta. Mata da yawa masu jiki sun haifi 'ya'ya masu surutu kamar aku, ga sirara nan kuma a benci a waje da yara irin wannan."

Maganar likita doguwa ce, kunnen Gwaggo kuma gajere. Tsakiyar kawai ta ɗauka. Suna tsaye a bakin titi suna jiran mota ta ce, ba ma da faɗa ba, da muryar wanda ya warware wani lissafi da ya daɗe yana damun sa, "Ashe kitse ne ya danne mata ƙwaƙwalwa. Ai dole. Ina 'yar mutane za ta samu wurin miƙe ƙafa a cikin wannan jiki."

A karon farko tun tana 'yar makaranta, Uwar Awo ta laluba ba ta samu abin zolaya ba. Ba ta ce mata ke kika riƙa kawo kwanuka ba. Ta gyara wa yarinyar igiyar takalmi, mota ta zo suka shiga.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo dangi duk sun ji, kuma kowa ya ji ta a yadda Gwaggo ta yanka ta. Mijin ya ce, "Ki rabu da Yaya, kin san bakinta." Ya kuma je ya yi wa yayar tasa magana, abin da bai taɓa yi ba. Uwar Awo ta ce duk wannan da sauƙi, da ta iya shanyewa. Sai wata ranar hutu da rana, Tsuntsuwa ta fasa goshi da bango kafin a kai gare ta, an wanke jini, an lallaɓa ta ta yi shiru. Yana tsaye a kan kujera yana gyara fanka, bai ko dubi matar ba, ya ce a hankali kamar mai magana da fankar, "Da mun sani, da mun kiyaye."

Bai ce ke ba, mun ya ce, don mutumin kirki ne. Amma ita ta san a cikin su biyun mutum ɗaya ne ya hau sikelin.

Washegari ta sha shayi ba sukari ta tafi aiki. Abincin ranar da ta saba kawowa a kula mai hawa uku ta miƙa wa tsohon mai gadi, ta ce ba ta jin yunwa. Jibi ma haka. Mai gadi ya yi kumatu, ita ta fara zubewa. Matar da ba ta taɓa bukatar sikeli ba sai ga ta tana riga kowa zuwa ofis, ta cire takalmi, ta cire awarwaro, har 'yan kunne, ta hau babban sikelin ƙasa da ake ɗora manyan akwatuna. Ta duba, ta sauka, ta buɗe kanta. Mijin ya yi maganar ƙani ko ƙanwa ga Tsuntsuwa, ta ce sai ta sauko. Ya ce zuwa nawa? Ta ce za ta sani in ta kai. Ta wuce casa'in, ta wuce tamanin, ta wuce saba'in, ba ta kai ba.

Mutane kuwa sai barka suke mata. Masu kawo kaya suna tambayar ta sirrin, abokan aikinta suna cewa ta koma yarinya. Ni ma da bakina, da na je duba sikelinsu na shekara, na leƙa bayan kanta na ce, "Ƙanwata, wa ya sace rabinki? Faɗa min in kai ƙara." Ta yi murmushi ta ce, "Na aika da shi ne, Kawu, ba a rubuta adireshin dawowa ba." Na yi dariya na tafi ina cewa har yanzu bakinta na nan. Labarin zuciya a tambayi fuska, aka ce, ni kuwa allurar sikeli kawai na iya karantawa.

Watanni uku da suka wuce mai gyaran wuta ya zo shagona, wai ya ga fitilar ƙofata tana ƙyaftawa. Lafiyar fitilar ƙalau. Ya hau kujera ya kwance ta ya mayar, ya sauko ya zauna a kan akwatin duwatsu, yana juya abin gwajin wuta a hannu. Sai da na ba shi labari uku bai yi dariya ba, sannan na yi shiru, abin da ba kasafai nake yi ba.

Ya ce, "Kawu, yarinyar nan ta daina zuwa wurin uwarta."

Yanzu shekararta takwas, har yau ba kalma ko ɗaya. Ya ce abin a hankali ya faru. Hayaniya za ta tashi, Tsuntsuwa ta rugo ta faɗa cinyar uwar yadda ta saba, ta laluba damtse, sai ta damƙo fata da ƙashi. Ta sake lalubar ɗaya hannun. Ta ɗago ta dubi wuyan uwar, don ba ta duban ido, kamar mai tambayar ina aka kai matar da ke nan. Uwar ta kifu a kanta iya ƙarfinta, amma ba abin da za ta rufe ta da shi, sai gwiwar hannu da haƙarƙari. Yarinyar ta yi ta ƙara tana ture ta. Daga baya ta samo wa kanta dabara: ta ɗaga gefen katifa ta shige ƙarƙashi, ta kwanta tsakanin katifa da katako.

"Ita kuma fa?" na ce.

"Sai ta hau kan katifar ta kwanta a daidai inda yarinyar take, don ta ƙara mata nauyi. Haka suke yi. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, katifa a tsakani." Ya juya abin gwajin wutar. "Ran nan na ji tana ce mata, yi haƙuri, abin da ya rage ke nan."

Na ce to ta ci abinci mana, ga magani a fili. Ya ce ya faɗa, mahaifiyarta ta faɗa, har Gwaggo ta zo da kwano tana kuka tana neman gafara. Likitan ma an koma wurinsa ya maimaita cewa ba wanda ya ce ita ce. Ta saurara, ta gode, ta kai cokali baki, sai ya ƙi wucewa. Ta ce in ta ɗago cokali jan biron nan take gani. Katin yana cikin jakarta kullum, a ledarsa.

"Kai take saurara, Kawu, kana ba ta dariya. Ka yi mata magana. Ni tun ranar da na yi subutar baki a kan fanka, duk abin da na faɗa ba ya shiga." Ya miƙe, sannan ya ƙara da cewa, "Da ma ba mu taɓa taka asibitin bayan tashar nan ba."

Na ce wane asibiti? Ya faɗa. Na ce wace shekara? Ya ce ai shekarar da ka fasa yatsa.

Ban san lokacin da ya fita ba. A shekarar nan asibitin bayan tasha sun aiko min sau uku in zo in duba sikelin barandarsu, wai suna zargin sa. Aike na farko ƙafata tana naɗe, ina da uzuri. Na biyu ƙafa ta warke amma na ci gaba da ɗingishi in na hango ɗan aikensu, don sikelin nan sai an kwashi duwatsun kilo ɗari a baro an tura har can, ga rana. Na uku na ce gobe. Gobena ta yi wata bakwai. Ranar da na je na jera masa kilo ɗari cif, allura ta nuna ɗari da bakwai. Ƙarfen da ke cikinsa ya saki. Na canja shi cikin minti ashirin, na zolayi nas ɗin na ce duk matan unguwa na bin ta bashin haƙuri, muka yi dariya, na manta.

Kwana uku abinci bai min daɗi ba, wanda a wurina alamar tashin duniya ce. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani ɗan farin ciki, ba zan ɓoye ba. Na ce yau ga ni da abin da likita bai da shi, miji bai da shi. Zan je in cire mata kilo bakwai daga kowace lamba a katin nan, in ɗora su a kaina inda suka dace.

Na sa dutsen kilo biyar da na kilo biyu a kwali, na naɗe da salatif, na je da safe na bi layi kamar kowa. Mutum huɗu a gabana. Ina kallon ta tana aiki, rigar ofis tana lilo a jikinta kamar an rataye a ƙusa, awarwaron da a da ke nutsewa cikin nama yanzu yana gangarowa har gwiwar hannu. Hannun dai na nan yadda yake. Ta ɗaga, ta faɗa, ta ɗora, allura ta amince.

Da layi ya zo kaina na tura kwalin. Ta jinjina shi, sai da ta sa hannu biyu.

"Bakwai cif. Ƙarfe ne. Kawu, ina za a kai?"

"Nan za a kai. Naki ne. A'a, nawa ne, shi na zo faɗa."

Na faɗa mata duka, da aike uku, da ɗingishin ƙarya, da baro, da ƙarfen da ya saki. Ban sa wasa ko ɗaya ba, bakina har yana mamakin kaina. Na ce, "Ƙanwata, lambar da aka zagaye da ja ba taki ba ce. Sikelin ƙarya ya yi miki, kuma ni na bar shi ya yi. Kilo bakwai a kowane wata, a wuyana suke. Ki yafe ni, ki yaga katin nan, ki je ki ci abinci."

Ta dube ni. Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni, na shirya wa kowanne.

Ta ce, "Ɗari da biyar nake ranar."

Na ce, "Na'am?"

"Ranar farko. Ɗari da biyar nake, ya ce ɗari da goma sha biyu. Ni da nake sanin nauyin kwalin wani da hannu, nauyin kaina ne zai ɓace min? Tun kafin allurar ta tsaya na sani."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Mai ƙiba ta ce sikeli ƙarya yake, a gaban benci biyu? Kai da kanka da kana wurin, me za ka ce?"

Na san abin da zan ce, da kuma irin dariyar da za a yi.

Ta ce, "Kilo bakwan nan na cire su da kaina ya fi sau dubu. A mota na cire, a kan katifa na cire. In na cire sai ɗari da biyar ta tsaya tana kallo na, ita ma da jan biro za a rubuta ta."

Na ce, "Amma likita ya ce ba tabbas. Ya ce ba wanda zai iya cewa ke ce."

"Haka ya ce. Da ya ce ni ce, da na yi kukana na gama. Da ya ce ba ni ba ce, da na ci abinci. Sai ya ce ba a sani ba. Kai mai sikeli ne, Kawu, gaya min inda ake ɗora ba a sani ba a auna."

Wani a bayana ya yi gyaran murya. Ni kuma, da yake baki ba ya jin magana, na ce, "Ko don yarinyar, ƙanwata. Jikin nan da kike hukuntawa shi take nema a ƙarƙashin katifa."

Hannunta ya tsaya a kan kwalin. Sannan ta turo min shi a hankali har bakin kanta, daidai saitin ƙafata.

Ta ce, "Wata bakwai ka yi kafin ka gyara na ƙarfe, shekara tara kafin ka kawo min labari, yau kuma da safe ɗaya kake son gyara ni. In a akwatinka akwai dutsen da zan ɗora ta ce Mama, ajiye shi ka tafi. In babu, kwashe kayanka, akwai mutane a bayanka. Kuma ka riƙe da kyau, farce tara ya rage maka."